Me ya kai fosfat kan tsaunukan Gafsa, kuma yaya ake sanin yawansa?

MaiTaki_Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin duwatsu da ke cikinmu. Sana'ata sayar da takin zamani, kuma kullum ana gaya mana cewa sinadarin fosfat da ke cikin sufa da kamfa daga dutse ake samo shi, dutsen kuma wai a ƙarƙashin teku ya samu. To amma hotunan mahaƙar Gafsa ta ƙasar Tunisiya da aka turo nan makon jiya, tsaunuka na gani tsirara a bakin Sahara, ko ɗigon ruwa babu. Abin da teku ya haifa, me ya hau da shi tsauni? Na biyu, ta yaya mutum zai tsaya gaban dutse ya ce akwai tan miliyan kaza a cikinsa alhali bai fasa shi ba? Ni dai ina zargin irin wannan lissafi ƙiyasi ne kawai na jawo masu zuba jari.

Dakta_Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta farko tana da amsa a fili. Ƙasar da fosfat ɗin ke kwance a ciki ce aka ɗaga gaba ɗaya. Kimanin shekaru miliyan 55 da suka wuce, inda Gafsa take yau wani lungun teku ne mara zurfi, reshen tsohon tekun da masana ke kira Tetis. Ta arewa akwai tsibiri a yankin Kasirin na yanzu, ta kudu maso gabas kuma tudun Jifara, saboda haka ruwan lungun ba ya gauraya sosai da na babban teku.

Ruwan sanyi mai ɗauke da fosfaras yakan taso daga ƙasan teku, ƙananan halittun ruwa su yaɗu, kifi ya yawaita. In sun mutu su nutse cikin laka su ruɓe, fosfaras ɗin ya fita ya haɗu da kalsiyam, ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi waɗanda yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Sai igiyar ruwa ta riƙa sheƙe lakar tana barin ƙwayoyin saboda nauyinsu, tare da haƙora da gutsattsarin ƙasusuwa da kashin kifi da ya zama dutse. Wannan sheƙewar ita ce ta tara shi ya kai a haƙa. Ba don ita ba, da fosfaras ɗin ya warwatsu cikin laka babu mai amfana da shi.

Can daga baya da daɗewa, nahiyar Afirka ta matsa wa Turai, shimfiɗun dutsen suka lanƙwashe. Ka turo tabarma daga gefe biyu, za ka ga tsakiyarta ta yi tozo. Tsaunukan da ka gani a hoto su ne wannan tozon, gefen kudu na tsaunukan Atlas. Ruwan sama da koguna suka zaizaye kawunansu, abin da ke binne ya fito fili.

Ummu_Khalil:
Na yi karatu a birnin Safakis na Tunisiya, kuma an kai mu kwazazzabon Salja kusa da garin Mitlawi. Abin da Dakta ta faɗa, a can ido ke ganinsa. Kogi ya yanka tsaunin tun daga sama har ƙasa, sai ka ga shimfiɗu hawa-hawa a karkace, wasu sun kusa miƙewa tsaye. Farin dutse mai tauri a sama, ƙarƙashinsa wani layi mai ruwan toka da duhu, sai yumɓu, sai wani layin kuma. Mai ruwan tokar nan shi ne fosfat. Na ɗebo a hannu na murza, sai ya wargaje ya zama yashi mai laushi, ga wari irin na abin da ya daɗe a rufe. Wata abokiyar karatuna ta tsinci haƙorin kifin shak a ciki, ƙarami, mai kaifi, yana ƙyalli har yanzu. Layin dogo ya ratsa kwazazzabon ta cikin ramuka da gadoji, nan ne wani tsohon jan jirgin ƙasa na masu yawon buɗe ido yake bi a lokacin. Abin da ya dame ni shi ne ruwan kogin: baƙi-baƙi ne mai kauri, aka ce mana daga wuraren wanke fosfat da ke sama yake gangarowa.

Alhaji_Sambo:
Dakta, a yi mini uzuri. Haƙorin kifi a kan tsauni, ba ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu, alaihis salam, ba ne ya bar shi?

Dakta_Rabi:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganar ɗufana ta malaman addini ce, su suka fi ni saninta. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da dutsen ya nuna. A Gafsa fosfat ɗin ba shimfiɗa ɗaya ba ne, wajen tara ne, an ba su lambobi, kuma tsakanin kowanne da na gaba akwai yumɓu ko farar ƙasa ko ƙanƙarar dutse. Duka jerin ana kiransa Shuwabin, da sunan wani tsauni na yankin. A ƙarƙashinsa akwai jibsin, wani farin ma'adini mai laushi, can samansa ma akwai jibsin mai kauri, shi kuwa jibsin ba ya kwantawa sai inda ruwan gishiri ya tsaya rana ta ƙafar da shi. Ke nan teku ya shigo, ya janye, ya dawo, sau da yawa. Wannan aikin dogon zamani ne, ruwa ɗaya ba zai jera su haka ba.

Alhaji_Sambo:
Na gode Dakta. Allah mai iko.

Yaro_Mai_Drone:
Ai yanzu an wuce wahalar nan. Tauraron ɗan'adam ne ke gano ma'adinai, da shi Turawa suka gano na Tunisiya da na Maroko duka.

Malam_Tarihi:
Ɗana, a'a. Wanda ya fara bayyana fosfat ɗin Gafsa likitan dabbobi ne na sojan Faransa mai suna Philippe Thomas, mutum mai son tsintar duwatsu da ƙasusuwan da. A watan Afrilun 1885 ya gane shi a wajen Salja ɗin nan da Ummu Khalil ta ambata, shekara huɗu bayan Faransa ta mamaye Tunisiya a 1881. Da ƙafa da guduma ya yi aikin. Kuma ku lura da tazarar da ta biyo baya: sai 1897 aka kafa kamfanin fosfat da jirgin ƙasa na Gafsa, sai 1899 layin dogo na fiye da kilomita 200 ya haɗa Mitlawi da tashar jiragen ruwa ta Safakis. Shekara goma sha huɗu dutsen yana nan an san da shi, bai zama kuɗi ba sai da aka sami hanyar kai shi bakin teku. Sunan kamfanin ma da jirgin ƙasa a cikinsa. Daga nan garuruwa suka tsiro, Radayyif da Ummul Ara'is da Madhila, leburori suka zo daga Aljeriya da Maroko da Libiya.

Injiniya_MB:
@MaiTaki_Funtuwa, ba a taɓo tambayarka ta biyu ba, kuma ita ce ta fi muhimmanci a wurina, don neman ma'adinai ne aikina. Zarginka yana da tushe. Akwai lissafin da ƙiyasi ne, akwai wanda aka sha wuya kafin a faɗe shi, kuma ana iya bambance su.

Farkon aiki bin layin ne da ƙafa. Ka sami inda shimfiɗar ta leƙo a jikin tsauni, ka bi ta kilomita bayan kilomita kana sa ta a taswira, kana auna inda ta fuskanta da yadda ta karkata. Ana tafiya da 'yar kwalba mai ruwan gwaji, molibdet a cikin asid. Ka ɗiga a kan dutse, in ya yi rawaya akwai fosfat. Wannan yana gaya maka akwai ne kawai, ba ya gaya maka nawa. Sai a yanka dogayen ramuka a gicciye da layin, a wuce ɓawon da rana da ruwa suka ci, a ɗebi samfur daga saman shimfiɗar har gindinta ba tare da zaɓe ba. Duk wanda ya zaɓi ɓangaren da ya fi kyau ya kai ɗakin gwaji, kansa ya cuta.

Sannan a kawo injin haƙa. Ana huda ramuka irin na rijiyar burtsatse, amma bututun yana fito da dutsen a mulmule, a jera shi cikin akwatuna bisa zurfinsa. Da farko ramukan nesa da juna, in abin ya yi kyau a riƙa matso da su. Gwargwadon kusancin ramuka, gwargwadon yadda za a yarda da lissafinka. Shi ya sa rahoton kirki yake raba abin da aka tabbatar da abin da ake kyautata zato da abin da hasashe ne kawai.

Lissafin kansa ba wuya. Misali kawai: shimfiɗa mai kaurin mita 2 a faɗin murabba'in kilomita 1 ta ba ka kubik mita miliyan 2. In kowane kubik mita ya kai tan 2, ka sami tan miliyan 4. Wuyar tana wurin tabbatar da cewa mita biyun nan gaskiya ne a ko'ina.

Ɗalibin_Jiyoloji:
Yallaɓai Injiniya, a nan ne nake ruɗewa. In rami ya fito da mita 4 na fosfat, ba mita 4 ba ne kaurin?

Injiniya_MB:
A fili mai shimfiɗa a kwance, haka ne. A tsauni kuwa a'a. In shimfiɗar ta karkata da digiri 60 kai kuma ka huda tsaye, bututunka zai daɗe yana tafiya a cikinta a karkace. Mita 4 da ka gani a akwati, ainihin kaurin mita 2 ne. Ka manta da wannan gyara, ka ninka arzikin da babu shi. Ga kuma tsagewar ƙasa: layin da kake bi yana iya yankewa ya koma mita hamsin ƙasa ko gefe, ko lanƙwasa ta sa ka huda shimfiɗa ɗaya sau biyu ka ɗauka biyu ce.

Wani abin kuma shi ne laushin da Ummu Khalil ta ji a hannunta. Ruwan da ake turawa don sanyaya bakin injin yana wanke ƙwayoyin fosfat ya tafi da su, sai bututu ya fito da masu taurin kawai. Na taɓa tsayawa kan wani rami inda aka huda mita uku amma abin da ya fito bai cika rabin akwati ba, mai injin kuma yana so a rubuta an samu duka don a biya shi cikakke. Maganin irin wannan shi ne a zura na'urar auna tururin gama, wato hasken da ido ba ya gani wanda ma'adinai irin su yuraniyom ke fitarwa, cikin ramin. Fosfat na teku yana ɗauke da ɗan yuraniyom, saboda haka allurar tana tashi daidai inda shimfiɗar ta fara, ta sauka inda ta ƙare. A wasu wurare ma gara a haƙa rijiya da hannu mutum ya sauka ya auna da idonsa.

Ɗan_Adar:
Tsaya Injiniya. Yuraniyom ka ce? Mu mutanen Nijar in mun ji wannan suna sai gabanmu ya faɗi, mun san abin da ake faɗa kan mahaƙar yuraniyom ta Arlit. Ke nan takin da muke zubawa a gonar hatsi da shi a ciki?

Dakta_Rabi:
Akwai, amma kaɗan ne ƙwarai in ka gwada da dutsen da ake haƙa a Arlit, tazarar mai yawa ce. Wanda ya fi damun masu sayen fosfat shi ne kadmiyom, wani ƙarfe mai guba da ke taruwa a ƙasa ya shiga amfanin gona, kuma yana cutar da ƙoda. Fosfat na teku, har da na Gafsa da na Togo, yana da shi fiye da wanda ake samu daga dutsen wuta irin na Rasha. Tarayyar Turai ta yi doka a 2019 ta sa iyakar miligiram 60 a kowane kilo na sinadarin fosfat da ke cikin taki. Saboda haka mai bincike a yau ba zai tsaya kan yawan fosfat kaɗai ba, dole ya auna kadmiyom da ƙarfe da alminiyom da magnisiyom a kowace shimfiɗa, don suna iya bambanta daga wannan zuwa waccan a rami ɗaya.

Hajiya_Kasuwa:
Ni duk bayanin nan abu ɗaya nake jira. Tunisiya ce ta fi kowa fosfat a duniya ko?

Malam_Tarihi:
A'a Hajiya, Maroko ce. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana ƙiyasta ajiyarta da tan biliyan 50, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da aka sani a duniya. Kamfaninsu OCP an kafa shi a 1920, aka fara haƙa a Khouribga a 1921. Nasu ya fi sauƙin aiki don yawancinsa a tudu mai faɗi yake, a kwance. Abin da Tunisiya ke haƙowa a shekara ya kai wajen tan miliyan 8 a 2010, bayan juyin juya halin 2011 ya faɗo, yawancin shekarun tsakanin miliyan 3 zuwa 4.

Hajiya_Kasuwa:
Dutsen ne ya ƙare?

Ummu_Khalil:
Dutsen yana nan Hajiya. Mutane ne suka gaji. Da can a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa ake haƙa, aiki mai cin hannu da yawa. Da aka koma buɗaɗɗiyar haƙa da manyan injuna, ma'aikatan kamfanin da suka kai wajen 14,000 a shekarun 1980 suka ragu zuwa ƙasa da rabin haka, a garuruwan da babu wata sana'a sai fosfat. A watan Janairun 2008 aka fitar da sakamakon ɗaukar ma'aikata, mutanen Radayyif suka ce an yi son kai, zanga-zanga ta ɗauki kusan wata shida, aka rasa rayuka, aka ɗaure mutane. Da yawa suna ganin daga nan aka share fagen abin da ya faru a 2011. Tun daga lokacin matasa marasa aiki sukan zauna kan layin dogo su hana jirgin fosfat wucewa.

Ga maganar ruwa. Ana wanke dutsen don a raba ƙwayoyin da yumɓu, kuma ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, a yankin da famfon gidaje ke yawan ɗaukewa. Ku je birnin Gabis na bakin teku kuma, inda ake sarrafa shi da asid tun 1972. Kowane tan na sinadarin da aka fitar yana barin wajen tan biyar na dusar jibsin, kuma cikin teku ake zubar da ita. Gwamnati ta yi alkawarin ɗauke masana'antar a 2017, masunta suna nan suna jira.

Injiniya_MB:
Abin da Ummu Khalil ta faɗa yana cikin binciken ma, ko ya kamata ya kasance. Rahoton da bai ce ga inda ruwan wanki zai fito ba, ga inda lakar za ta tafi ba, bai cika ba.

Kuma akwai lissafin da ke kashe mahaƙa a tsauni: yawan dutsen banza da za ka kwashe kafin ka kai ga tan ɗaya na fosfat. A bakin layi, inda ya leƙo, kusan kyauta ne. Da ka bi shi cikin tsauni, farin dutsen nan mai tauri da ke samansa sai ƙara kauri yake yi, sai da nakiya. Akwai inda za ka kai kuɗin kwashe saman ya fi kuɗin abin da ke ƙasa. Daga nan fosfat ɗin yana nan a taswira, amma ba ya cikin abin da za a iya sayarwa.

Basakkwace:
Jama'a, kun tafi Tunisiya kun bar gida. Mu nan wajen Dange da Shuni akwai shi, tun muna yara muke jin ana faɗa. Kuma ga ƙasusuwan dabbobin ruwa ana tsinta a ƙasarmu, har wani dodon teku da aka ba sunan Goronyo. Mi ya hana a haƙa namu a daina sayo na Maroko?

Dakta_Rabi:
Gaskiyarka, kuma akwai dangantaka. A ƙarshen wani tsohon zamani da masana duwatsu ke kira Kiretashiyos da farkon wanda ya biyo shi, wani hannun teku ya ratso Sahara daga Tetis ya shigo kwarin Iullemmeden, wanda ya haɗa Sakkwato da Tawa da gabashin Mali. Dabbar da kake nufi ita ce Goronyosaurus. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ma wannan tekun ne ya bar ta. Fosfat ɗin Dange da na Tawa da na kwarin Tilemsi a Mali duk 'yan zamani makusanta ne da na Gafsa.

Bambancin yana wurin yadda ya kwanta. A Gafsa shimfiɗa ce ta ƙwayoyi zalla mai kaurin mita ko fiye, injin ya ɗiba ya loda. A Sakkwato dunƙule-dunƙule ne a warwatse cikin yumɓu, a layuka sirara. Ka ɗauki dunƙule ɗaya ka kai gwaji, sakamakon zai yi kyau ƙwarai, har ya kai na kasuwa. Amma tambayar ita ce dunƙule nawa ne a kubik mita ɗaya na ƙasa.

Basakkwace:
Dakta, wanga bayani na ji shi, amma ban gamsu ba. An huda ramukan da Injiniya ya faɗa a ko'ina cikin kwarin, ko dai an duba bakin layi ne aka yanke hukunci? Ƙasa mai faɗi haka.

Injiniya_MB:
Tambayarka daidai ce ɗan'uwa, kuma ita ya kamata a riƙa yi wa duk wanda ya zo da adadi, babba ko ƙarami. Ramuka nawa, tazarar nawa, wa ya auna, a wane ɗakin gwaji. In mutum ya ce akwai tan miliyoyi a Sakkwato, ka tambaye shi haka. In wani ya ce babu abin kirki, shi ma ka tambaye shi haka.

Ɗan_Adar:
Namu na Tawa an taɓa aikinsa. Arewa da gari ake tsinto dunƙulen da hannu, a kawo a niƙa a zuba a buhu, tun shekarun 1970 zuwa 1980. Mahaifina ya yi amfani da shi. Abin da yake ƙorafi a kai shi ne gari ne lis, ka watsa iska ta kwashe rabi ta zuba maka a ido, kuma shekarar farko ba ka ganin wani bambanci sosai. Sai daminar gaba gero ya nuna. Manomi mai bashi ba ya iya jiran damina ta biyu. Daga baya ya koma zuba shi cikin ramin takin gida yana ruɓewa tare, ya ce haka ya fi.

Manomin_Zamani:
Abin da Baba ya yi shi ne daidai. Masu bincike a Sadore kusa da Yamai sun gwada dutsen Tawa a gonakin gero, kuma ya fi na yankin gandun dajin da ake kira W narkewa. Ɗanyen dutse yana aiki ne a ƙasa mai tsami da isasshen ruwa. Na Gafsa ya yi suna a duniya a wannan fanni, yana cikin waɗanda suka fi saurin narkewa, har ana zuba shi kai tsaye ba tare da an sarrafa shi da asid ba. Ni a ganina ba sai mun yi gasa da Maroko ba. Ƙaramar mahaƙa da injin niƙa da na dunƙula garin, don manoman da ke kusa, ta isa ta yi amfani.

MaiTaki_Funtuwa:
A nan zan saɓa maka. Ni ke zaune a shago. Manomi yana so ya zuba yau ya ga ganye ya yi duhu cikin mako biyu. Lokacin da aka ƙulla yarjejeniya da Maroko a ƙarshen 2016 aka fara haɗa kamfa a gida ana sayar da buhu naira 5,500, layi ake yi a ƙofata. Ka kawo masa garin dutse ka ce ya jira baɗi, ba zai sake dawowa ba. Sai dai in gwamnati ko ƙungiya za ta ɗauki nauyin shekarar farko.

Zango_Kumasi:
Kamfanin sufa na Kaduna da aka kafa a shekarun 1970 ma ai dutsen Togo yake sayowa a lokacin. Na Togo a Hahotoe yake, 'yan kilomitoci daga teku, jirgin ƙasa ya kai shi Kpeme a wanke a loda a jirgin ruwa. Maganar Malam Tarihi ce ta dawo, hanya.

Ɗalibin_Jiyoloji:
In koma kan tsaunukan, Dakta. Na ga an ce layin Gafsa ya tsallaka iyaka zuwa Aljeriya. Shimfiɗu taran ne suka ci gaba?

Dakta_Rabi:
Teku ɗaya ne, zamani ɗaya, amma kwanciyar ta bambanta. A Jabal Onk, kusa da Bir el Ater a gabashin Aljeriya, babbar shimfiɗar guda ce mai kaurin kusan mita 30, babu yumɓu mai yawa da ya raba ta. Ga mai haƙa wannan ya fi daɗi, don a Gafsa dole direban injin ya bi kowace shimfiɗa a hankali kada ya gauraya ta da yumɓun da ke tsakani ya rage mata daraja. Wannan ma darasi ne gare ka: kada ka ɗauki abin da ka gani a tsauni ɗaya ka shimfiɗa shi kan na kusa da shi. Can arewa maso yammacin Tunisiya akwai Sra Ouertane a yankin Kef, ajiya ce babba da aka daɗe da sani, amma fosfat ɗin cikinta bai kai na Gafsa ƙarfi ba, tacewarsa tana da tsada, shi ya sa aka daɗe ana nazari ba a buɗe ta sosai ba.

MaiTaki_Funtuwa:
Injiniya, na karɓi bayanin ramuka. Amma wanda ya huda ramin da wanda ya rubuta rahoton, ai mai mahaƙar ne ke biyansu. Wa ke duba su?

Injiniya_MB:
Inda ake aiki da gaskiya, ana raba kowane samfur biyu a ajiye rabi a rumbu, a aika wasu zuwa ɗakin gwaji na daban ba tare da an faɗa musu daga ina suke ba, a kuma cusa samfurin da aka riga aka san ƙarfinsa a tsakani don a gwada masu gwajin. Banki kafin ya ba da bashi yakan turo nasa masanin ya buɗe akwatunan, wani lokaci ya sa a sake huda rami kusa da tsohon. Inda ba a yin haka, zarginka na nan daram.

Basakkwace:
To akwatunan ramukan da aka taɓa hudawa a Sakkwato, suna ina? Akwai wanda ya san ko ɗalibi zai iya zuwa ya gani?

Ɗalibin_Jiyoloji:
Zan tambayi malaminmu gobe in sha Allah, ya taɓa aiki da hukumar binciken ƙasa ta tarayya. @Ɗan_Adar, in kana da sauran dunƙulen Tawa a gida ka ɗauko hotonsa kusa da kwabo ko murfin biro don a ga girmansa, ina so in gwada da wanda muka tsinto a Dange.